Na yi wa tsoho tsawa a gonarsa, yanzu gari ya daina gaishe ni

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani matashin ɗan sanda. Na cire sunansa da sunan garin da yake aiki kamar yadda ya roƙa, na kuma ɗan taƙaita ta.

"Assalamu alaikum Baba. Ni kurtun ɗan sanda ne, shekarata 26, mutumin ƙasar Katagum. Wata takwas ke nan da aka turo ni wani ofishi a kudancin jihar Gombe. Mutanen garin suna da yarensu, yawancinsu Kiristoci ne, akwai kuma rugagen Fulani a bayan gari. Kowa yana jin Hausa, shi ya sa da na zo ban zaci zan sha wata wahala ba.

Da kakar nan shanu suka shiga gonar wani tsoho suka cinye masa wake da dawa. Aka tura ni tare da sajanmu. Muna tsaye a gonar, tsohon ya juya yana ta magana da 'ya'yansa da yarensu, rai a ɓace. Na ce ya yi Hausa, bai kula ni ba. Sai na daka masa tsawa a gaban jama'a, na ce ya bar mana wannan yaren na arna ya yi maganar da za a gane. Wallahi Baba suɓutar baki ce, a garinmu haka muka taso muna ji. Wurin ya yi tsit.

Daga nan muka wuce ruga. Yaron da ke kiwon ya gudu. Na tambayi uban sunan yaron har sau uku, ya sunkuyar da kai ya ƙi faɗa. Na ɗauka ɓoye shi yake yi, na leƙa bukkokin matansa ɗaya bayan ɗaya, da ban ga yaron ba muka tafi da uban, ya kwana a bayan kanta.

Daga baya an sasanta maganar ɓarnar a gidan jauro, wato mai garin, amma tawa ba ta mutu ba. Manoma sun ce ina bayan Fulani saboda addini, Fulani sun ce na ci mutuncin dattijonsu. In na zauna teburin mai shayi sai hira ta mutu. Kwanan nan aka fasa wani shago, na zaga unguwar kaf ban sami wanda ya ce ya ga wani abu ba. Sajan ya ce in daina damuwa, mutanen nan sai da tsawa. Ni kuwa barci ya gagare ni. Tunanin neman canjin wurin aiki nake yi, in koma wajenmu inda na san mutane. Me za ka ce mini?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rashin barcin nan. Ka gode wa Allah da shi. Na yi shekaru masu yawa ina tafinta, daga baya magatakarda, a kotuna daban-daban, tun Gombe tana cikin jihar Bauchi kafin a yanke ta ranar 1 ga Oktoba 1996. Na ga masu kakin da suka yi abin da ya fi naka muni suka koma bariki suka kwana suna minshari. Wanda abin ya hana shi runtsawa, akwai sauran gyara a tare da shi.

Kada ka nemi canji yanzu. Ina za ka? Aikinku na tarayya ne, gobe takarda ɗaya za ta iya jefa ka Binuwai ko Kuros Riba, inda ba kowa ke jin Hausa ba. Gidan da kake marmarin komawa ma ai ba Hausawa zalla ba ne, ƙasar Katagum da Misau da Jama'are cike take da Fulani da Barebari da Karekare. Halin da ya kai ka ga wannan, in ka tafi da shi, can ma zai ɓullo. Kuma in ka tattara ka bar garin a haka, tsohon nan zai ci gaba da zama da kalmarka a ransa, kurtun da za a kawo bayanka shi zai biya bashin da bai ci ba.

Hausar da ka ji kowa yana yi, ita ta yaudare ka. Jihar Gombe ƙananan hukumomi 11 ne kacal, amma ka ƙirga mutanen cikinta: Tangale a Billiri da Kaltungo, Tula a kan duwatsunsu, Waja da Cham da Dadiya a Balanga, Tera a Yamaltu Deba, Jukunawa a Pindiga, Bolawa ta wajen arewa, ga Fulani ko'ina. Hausa ita ce tabarmar da duk suke haɗuwa a kai, a kasuwa da tasha da asibiti. Mutanen kudancin Gombe ma da ita suke ibada. Tun 1932 aka fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, har yau a majami'u da yawa da ita ake wa'azi, da ita matan zumunta ke rera waƙa. Tsohon nan ta yiwu ya fara Hausa tun ba a haifi mahaifinka ba. To me ya mayar da shi yarensa a ranar? Ƙunar zuciya ce. Mutum yakan yi ciniki da harshen kowa, amma in ciwo ya kai ciwo, harshen da ya sha a nono shi ke fitowa.

Ka tsaya ka kalli gonar da idonsa. Ya yi shara tun bazara, ya yi shuka, ya yi noman fari ya yi maimai, wataƙila da bashi ya sayi taki. Wake ya isa roro, dawa ta sunkuyar da kai. Ya wayi gari ya tarar da kara a kwance da kashin shanu. Abincin shekara ke nan, da kuɗin makarantar jikoki, da na asibiti in wani ya kwanta. A lokacin ba da kai yake ba, da 'ya'yansa yake. Ka san ko lallashinsu yake yi kada su ɗauki makami su nufi ruga? Ba sau ɗaya ba na fassara maganar dattijon da aka kawo da sunan shi ke zuga samari, da aka bi kalmominsa ɗaya bayan ɗaya sai aka ga ruwa yake zuba wa wutar. Kai ba ka san me yake cewa ba, ka yanke masa hanzari.

Da ka bar shi ya juye abin da ke cikinsa, ka ce masa, "Baba, sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri," sannan ka dubi babban ɗan ka ce, "Don Allah gaya mini abin da Baba ke cewa, ina so in rubuta daidai," da ba ka yi asarar minti biyar ba, da kuma ka bar gonar da shaidu maimakon masu jin haushinka. Ka kuma sani yin magana da yarensa haƙƙinsa ne. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ganewa, sashe na 36 kuma ya ba shi tafinta kyauta a gaban kotu. Wanda ake tuhuma ke nan fa. Ina ga wanda aka yi wa ɓarna, yana tsaye a cikin gonarsa?

Sai kalmar da ka faɗa. Na yarda ba ka shirya ta ba. Amma ɗana, baki ba ya suɓuta da abin da babu shi a ciki. Da yawanmu mun taso muna jin ta a tsakar gida kamar wani suna ne kawai, ba mu taɓa tambayar yadda take sauka a kunnen wanda aka jefa da ita ba. Abin da yake ji shi ne: ba ka da addini, ba ka da daraja, kai ba mutum ba ne kamar mu. Ka faɗa wa mutumin da ba ya fashin sujada ranar Lahadi, wanda kakanninsa suka hau duwatsu suka zauna don su tsira daga mahara, masu kiransu da wannan sunan dai. Da ɗan acaɓa ne ya faɗa, da an yi cacar baki an watse. Kai da kaki a jikinka ka faɗa, kuma bakin mai kaki bakin hukuma ne. Su a wajensu gwamnati ce ta zo gonarsu ta zage su. Shi ya sa suka yanke cewa kana bayan Fulani tun ba ka taka ruga ba.

Yankin nan namu ya ga abin da ƙaramin saɓani ke haifarwa in bango ya riga ya tsage. Rigimar Tafawa Ɓalewa ta 1991 daga taƙaddama a kan nama ta faro, ta ci rayuka har cikin garin Bauchi. A watan Fabrairun 2021 Billiri ta yi zafi a kan sarautar Mai Tangale, aka tare hanyar Gombe zuwa Yola, aka yi asara. Mutanen da suka ga irin waɗannan ranaku suna auna kowace kalma ta jami'i kamar masu awon zinariya, suna neman su gane na wa ne. Saboda haka ka kakkaɓe bakinka gaba ɗaya, ba wannan kalma kaɗai ba. "Ƙabilun nan" ma da ake faɗa da yatsina, da sunayen tsokana da ake laƙaba wa Ibo mai shagon magani ko Bafulatanin daji, duk ka ajiye su. Ka kira kowa da sunan da yake kiran kansa. Waɗanda muke ce wa Sayawa a Bogoro da Tafawa Ɓalewa, su Zaar suke ce wa kansu, kuma za ka ga fuskar mutum ta saki in ka nuna ka san haka.

A ruga kuma, ina kyautata zaton yaron nan ɗan fari ne. Kai ma ai ka san alkunya, ka san iyayenmu mata ba sa kama sunan miji ko na ɗan fari. A wajen Fulani abin ya fi haka nauyi. Semteende suke ce mata, wato kunya, tana cikin ginshiƙan pulaaku tare da munyal, haƙuri, da hakkiilo, hankali. Uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, balle a gaban baƙi, balle a kan abin kunya. Sunkuyar da kan da ka ɗauka alamar rashin gaskiya ce, girmamawa ce. A tarbiyyarsa, ƙura wa mai iko ido shi ne fitsara. Ban ce ba zai yiwu yana kare ɗansa ba, uba ne. Amma hanyar ganewa ba ta da wuya. Ka tambayi ƙanin uban ko wani saurayi a gefe, "Wa ya bi shanu jiya?" Ko ka aika wa arɗo cewa kana son ganin yaron gobe da hantsi. Arɗon da aka ba girmansa sau da yawa shi da kansa yake riƙo hannun yaro ya kawo, don sunansa ne a kai.

Tafiya da uban kuwa ta wuce taka al'ada, doka ka taka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, ta faɗa ƙarara a sashe na 36 cewa ba a kama wani a madadin wanda ake nema. Na san ana yi, na san ka ga manyanka suna yi har ka ɗauka tsarin aiki ne. Haramun ne a doka, kuma shi ne abin da ya fi sa mutane gudun ofishinku, don kowa ya san in ɗansa ya yi laifi shi zai kwana a ƙasa. Leƙa bukkokin mata ma haka. Tun dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta Arewa ta 1960, an tanadi cewa in jami'i zai shiga ɗakin matar da a al'ada ba ta fita bainar jama'a, sai ya sanar da ita ya ba ta damar kaucewa, aka kuma maimaita wannan a dokar tarayya ta 2015. Matan ruga ba kulle suke yi ba, su ke kai nono kasuwa, amma bukkar mace ɗakinta ce, nan gadonta yake da ƙorenta da sirrinta. Namiji baƙo ya cusa kai ciki a gaban mijinta, wannan ya fi kwanan bayan kanta yi masa ciwo. Ko a cikin gari, in ka ga an rubuta "ba shiga" a zaure, ka yi sallama ka jira, ka nemi mai unguwa ya tsaya maka, in kuma binciken mace ya kama ka nemo 'yar sanda mace.

Bari in ba ka wani abu da na gani da idona, don ka san inda irin wannan rashin fahimta ke kai mutum. An taɓa kawo wani makiyayi wata kotu da nake aiki, da takardar bayaninsa da aka ɗauka a caji ofis da Turanci, da dangwalen yatsansa a ƙasa. Takardar ta ce ya amsa laifi. Da alƙali ya sa na karanta masa da Hausa, sai mutumin ya ɗago kai a karo na farko, ya ce shi bai taɓa faɗin haka ba. Aka kira jami'in da ya rubuta. Ya rantse cewa duk abin da ya tambaye shi ya amsa. Aka ce me ya ce? Ya ce, "To." Kai ka shiga gonar? To. Kai ka sari mai gonar? To. Mutumin yana durƙushe, yana nufin na ji, ranka ya daɗe, ci gaba. Shi kuwa mai biro yana rubuta na yarda. Watanni ya yi a tsare kafin gaskiya ta fito. Har yau ina tuna yadda ya kalli yatsansa, kamar yatsan ne ya ci amanarsa.

Don haka in kana ɗaukar bayani, kada ka ba mutum magana ya ce maka to. Ka ce, "Gaya mini yadda aka yi tun daga farko," ka yi shiru. Zai fara daga nesa, daga ranar kasuwa, daga wanda ya haɗu da shi a rafi, ka bar shi, a cikin zagayen nan gaskiyar take. In ya ce "ƙanena", ka tambaya uwa ɗaya uba ɗaya ne ko ɗan baffa, don a wajenmu duk ƙane ne, kada gobe lauya ya ce ya yi ƙarya. In ya ce da hantsi ko da almuru ko bayan an tashi daga coci, ka rubuta yadda ya faɗa, kada ka ƙaga masa ƙarfe kaza. In ya ce wurin nan kusa ne, ka tambaya tafiyar me. Mace kuma ba za ta faɗa maka abin da aka yi mata a gaban surukinta ko a bakin kanta mutum goma suna ji ba, ka nemo mata wuri da mace 'yar'uwarta. Idan ka gama, ka karanta wa mutum abin da ka rubuta da harshen da yake ji kafin ya dangwala.

Sajanka ya riga ka a aiki, ka ba shi girmansa, kada ka yi masa musu a gaban jama'a. Amma maganarsa ba daidai ba ce, shaidar kuwa tana cikin wasiƙarka: shagon da aka fasa. A garin da babu kyamara a kan titi, babu mai ɗaukar zanen yatsa, kayan aikinku duka bakin mutane ne. Mai shayi ya san wanda ya wuce da tsakar dare, 'yan acaɓa sun san wanda ya ɗauki kaya, mata a bakin famfo sun san yaron da ya yi sabon kuɗi. Tsawa tana sa mutum ya durƙusa, tana kuma sa ya kama bakinsa. Wannan tunani na sai da tsawa tsohon gado ne, tun zamanin dogarai da 'yan dokan En'e, wato hukumar gargajiya, waɗanda aka narkar cikin 'yan sandan tarayya lokacin mulkin Gowon. An canza kaki, tsoron ya zauna, har yau uwa tana hana yaro kuka da cewa za ta kira ɗan sanda. Hukumarku kanta ta gane hakan ba ya kai ta ko'ina, shi ya sa tun 1984 aka kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a da ake kira PCRC, dokar 2020 kuma ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma. Ka bincika su waye 'yan kwamitin a yankinku, za ka tarar da dattawa daga kowane ɓangare. Da ɗan gari kan ci gari.

Yanzu ga abin da nake so ka yi, kuma kada ya wuce mako biyu. Ka fara da DPO ɗinku, wato shugaban ofishinku. Ka gaya masa abin da ya faru ba ragi, ka ce kana neman izini ka je ka gyara. Ta yiwu ya yi maka faɗa, ka ɗauka, ya fi ya ji daga bakin wani. Sannan ka je wurin jauron da aka yi sulhu a gidansa, da kayan gida, ba bindiga ba kulki, ka ce masa ka yi kuskure kana so ya raka ka wurin tsohon. In akwai wani dattijon majami'arsu da ake jin maganarsa, a haɗa da shi. Kada ka je ranar Lahadi da safe, kada ka je lokacin da yake gona. Ka je da yamma, lokacin da 'ya'yansa suna nan, don a gabansu ka ci mutuncinsa, a gabansu ya kamata ka mayar masa da shi. In an ba ka kujera alhali shi yana ƙasa, ka sauka. Ka gaishe shi da yarensa, ko da kalma biyu ce da ka roƙi jauro ya koya maka a hanya. Za ka karya ta, yara za su yi dariya, dariyar nan alheri ce gare ka.

Abin da za ka faɗa kaɗan ne: "Baba, ranar nan a gonarka na ɗaga maka murya, na kuma faɗi kalmar da ba ta dace ba. Na yi kuskure. Na zo ka yafe mini." Ka tsaya nan. Kada ka ce "in na ɓata maka rai", ka san ka ɓata. Kada ka ce haka ake faɗa a garinku, wannan ƙarin gishiri ne a kan ciwo. Ta yiwu ya yi maka dogon faɗa, ta yiwu wani ɗansa ya faɗi mai zafi. Ka saurara har su gama. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba ne, sa'an kakanka ne.

Ruga kuma ta hannun arɗo za ka bi. Ka riƙe goro, ka tsaya daga nesa ka yi sallama har a fito a shigo da kai. Ka ce "A waali jam?" in da safe ne, ka tambayi lafiyar iyali da ta shanu, amma kada ka tambayi yawansu. In an kawo maka nono ka sha, ƙin sha magana ce. Dattijon zai ce maka ba komai, kai a ƙasa. Kada ka ɗauka ta wuce, munyal ne ya faɗa da bakinsa. Za ta wuce ne ranar da ya gan ka a kasuwa ka fara gaishe shi a gaban mutane, da ranar da aka sace masa saniya ya ga ka tashi da gaske.

Bayan nan sauran aiki na yau da gobe ne. Ka sayi ƙaramin littafi, kullum ka rubuta kalma uku na yaren garin: gaisuwar safe, ta ta'aziyya, na gode, yi haƙuri, zauna. In an yi rasuwa ka je gaisuwa ko ta wane gida ce. In an sa ka gadin coci ranar Kirsimeti, ka tsaya da irin fuskar da kake so a tsaya maka da ita a filin idi. In manomi da makiyayi suka zo gabanka, su biyun su zauna a kan benci ɗaya ko su biyun su tsaya, ka gaishe su da murya ɗaya, kada ka ja ɗaya gefe kuna ƙus-ƙus da harshen da ɗayan ba ya ji. Idanunsu suna kan waɗannan ƙananan abubuwa fiye da abin da za ka rubuta a fayil.

Wani abu kuma da ba zan ɓoye maka ba. Sanin al'adar mutane ba ya nufin ka sassauta wa mai laifi. Wanda ya sa shanu a gona zai biya ɓarna, wanda ya sari dabba zai amsa, wanda ya lakaɗa wa matarsa duka ba zai fake da cewa haka ake yi a gidansu ba. Kuma duk gaisuwar da ka iya, ko da yare goma ce, ranar da aka ga ka karɓi na goro daga wani ɓangare, ko ka sa wa beli farashi alhali an rubuta a bangon ofishinku cewa kyauta ne, ta rushe. Wannan ne kaɗai abin da ban taɓa ganin ban haƙuri ya gyara ba.

Ranar da za ka je wurin tsohon, kada ka ta da maganar shagon da aka fasa, ko a fakaice. In ka haɗa su, za a ce neman shaida ya kawo ka. Ka je don shi kaɗai, ka dawo. Ina jiran wasiƙarka ta gaba, ka gaya mini abin da ya ce maka, da yarensa in ka iya riƙewa.